Koya wa yara ƙanana haruffa: tambayoyin da iyaye suka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyin su ne suke ta dawowa duk lokacin da aka taso da maganar koya wa yaro gane harafi, furta shi da rubuta shi, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya, na fara daga masu sauƙi zuwa waɗanda sai an ɗan zauna a kansu. Wasu amsoshin suna jingine da wasu, inda haka ta faru na nuna.

Daga shekara nawa ya kamata a fara koya wa yaro haruffa?

Yawancin yara suna fara gane wasu haruffa tsakanin shekara 3 zuwa 4, galibi waɗanda ke cikin sunansu, sai wajen 5 zuwa 6 su fara haɗa su su zama kalma. Amma fa kar a ɗauki wannan kamar doka, a ƙasar Finland sai yaro ya kai shekara 7 yake shiga firamare kuma yaransu suna cikin waɗanda aka sani da iya karatu a duniya, to kinga saurin farawa ba shi ne nasara ba.

Abin da za a iya farawa tun yaro yana goye shi ne magana da shi, waƙa, tatsuniya, buɗe littafi mai hoto a gabansa yana gani ana bin layi da yatsa. Wannan duk karatu ne, kunne ake gyarawa, kuma kunnen shi ne zai ɗauki nauyin aikin nan gaba kamar yadda za ku gani a amsar haɗa baƙi.

Ɗana ya haddace waƙar A B C D daga farko har ƙarshe, ya iya haruffa kenan?

A'a gaskiya, waƙa ya iya. Abu ne mai kyau, yana nuna yana da riƙo, amma ku gwada wannan: rubuta m ita kaɗai a takarda ku tambaye shi mene ne wannan. Da yawa za su tsaya suna kallonku, wasu kuma za su koma can farkon waƙar suna rerawa a hankali har su iso wurin da suke zato. Yaron da ya san harafi shi ne wanda zai gan shi ko'ina, a jikin kwali, a rigarsa, a allon talla, ba a jere ba, ya ce ga shi, kuma ya faɗi sautin da yake bayarwa. Abu uku ne daban-daban, gane siffa, sanin sauti, da iya rubutawa, waƙar ba ta taɓa ko ɗaya a cikinsu ba sai dai ta ba shi sunaye.

To sunan harafi zan fara koya masa ko sautinsa?

Sauti, kuma a nan nake so in daɗe don shi ne gindin maganar gaba ɗaya. Idan yaro ya san m a matsayin "em", a kuma a matsayin "ei" irin yadda waƙar Turanci ta koya masa, ka rubuta masa mama, me zai karanta? Em-ei-em-ei, babu yadda za a yi wannan ya zama mama a kunnensa. Amma idan ya san m tana cewa mmm, leɓe a rufe, a tana cewa a, baki a buɗe, yana jan mmm ya buɗe baki sai ma ta fito da kanta. Daga nan karatu ya fara.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. A Amurka kwamitin da gwamnati ta kafa kan karatu ya fitar da rahoto a 2000 bayan ya bi tarin binciken da aka yi, ya nuna koyar da sauti da harafi a tsare, mataki-mataki, ya fi barin yaro ya riƙa cankar kalma daga hoto ko daga siffarta. A yankin Clackmannanshire na Scotland an bi wasu yara shekara 7 ana duba karatunsu bayan an koya musu ta wannan hanya, sakamakon ya fito a 2005, sai Ingila ta yi nata nazarin a 2006 ta karkata gaba ɗaya zuwa tsarin, har daga 2012 suke yi wa yara 'yan wajen shekara 6 gwaji na kalmomi 40, rabinsu kalmomin ƙirƙira ne marasa ma'ana, don a tabbatar yaro yana karanta sautin ne da gaske ba haddar kalma ya yi ba.

Wannan ba yana nufin a ɓoye masa sunan harafi ba, zai buƙace shi, musamman lokacin da malami zai ce rubuta kaza. A dai sa sauti a gaba. Sannan dan Allah a kula wajen furtawa, s ita ce sss, kar a ce "sa" ko "si", in ba haka ba ranar da ya ga s da u sai ya karanta "sa-u".

Dole sai na bi su a jere daga A zuwa Z?

Ba dole ba, ni ma ban fi son haka ba. Jerin haruffa an yi shi ne don neman kalma a ƙamus da jera sunaye, ba don sauƙin koyo ba, kuma yana kawo b da d kusa da juna tun a makon farko, alhali su ne suka fi rikita yara (akwai amsa guda a kansu a ƙasa). Tsarin Jolly Phonics na Turanci misali yana farawa ne da s, a, t, i, p, n, saboda da waɗannan shida kaɗai yaro zai iya haɗa kalmomi da dama.

A Hausa sai a yi irin wannan tunanin. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u, a fara da a, a ƙara m, nan take ga mama. A kawo n da i, ga ni, ga mana, ga ina. A ƙara k da u, ga kuka, ga kaka, ga suna idan s ta shigo. Baƙaƙen da ake iya jan sautinsu irin m, n, s, r, z sun fi daɗin farawa fiye da waɗanda suke fashewa sau ɗaya irin b, t, k, don yaro yana iya riƙe sautin a baki har ya kai ga wasalin. Harafin farko na sunansa kuwa ku ba shi tun ranar farko ko da mai wahala ne, wannan nasa ne, ba ya mantawa.

Manyan baƙi ko ƙanana?

Manya sun fi sauƙin rubutawa don yawancinsu layi ne miƙaƙƙe, L, T, H, E, amma kusan duk abin da zai karanta a littafi ƙanana ne. Ni abin da nake gani shi ne a koya masa gane ƙanana da sautinsu, a riƙa nuna masa babban a gefe, sunansa kuma a rubuta yadda ake rubuta suna, babba ɗaya a farko sauran ƙanana, don kar ya saba da rubuta shi duka da manya a zo ana fama da shi daga baya.

Minti nawa za mu riƙa yi, kuma haruffa nawa a mako?

Ɗan shekara 3 ko 4 minti 5 zuwa 10 ya ishe shi, kullum, ya fi awa guda ranar Asabar ana kuka. Ku tashi tun yana jin daɗi, kar ku jira sai ya fara murza ido yana zamewa daga kujera. Haruffa kuma biyu zuwa uku a mako ga mai shekara 4 zuwa 5 ba laifi, wani yaron zai ɗauki fiye, wani ɗaya ma sai an maimaita, abin lura kawai kar a kawo sabo a watsar da tsoho, kullum a fara da bitar na baya cikin minti ɗaya ko biyu.

Kuma ba sai an zauna da littafi ba. Nemo min abu a ɗakin nan da ya fara da sss, wa zai riga ganin k a jikin kwalin nan, a rubuta haruffa a ƙasa a ce ya yi tsalle ya taka wadda na faɗa, duk darasi ne kuma yaron bai ma san ana yi ba.

'Yata ta san haruffa duka da sautinsu amma ta kasa haɗa baƙi, ina matsalar take?

Wannan tambayar ita ta fi zuwa da damuwa, uwa ta ce wallahi ta san b ta san a amma in na ce haɗa sai ta yi shiru ko ta faɗi wata kalma can daban. Yawanci matsalar ba a ido take ba, a kunne take, yarinyar ba ta riga ta gano cewa kalma guntaye ce da ake iya rabawa a sake haɗawa ba. To ki ajiye takarda gefe na 'yan kwanaki ki yi wasan da baki kawai. Ki ce ri... ga, me na ce? Ta ce riga. Ki ce ta... kal... mi. Ku riƙa tafa gaɓoɓin sunayen 'yan gida tare, tafi ɗaya gaɓa ɗaya. Idan wannan ya zauna sai ki ƙara rabawa, sss... a, mmm... u, ki bar ta ta faɗa.

Sai a dawo takarda. Ki rubuta s a hagu, a a dama da ɗan tazara, ki ɗora yatsarta kan s tana jan sss ba tare da ta yanke numfashi ba, ki ja yatsar zuwa a. Kar ta tsaya a tsakani, tsayawar nan ita ke sa sautin farko ya ɓace mata kafin ta kai na biyu. Daga sa sai si, su, so, se, kuma a cuɗa su kar kullum a bi ba be bi bo bu a jere, don shi ma wannan yana iya komawa waƙa kamar wadda muka yi magana a sama. Hausa ta yi mana gata a nan, yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali, yarinyar da ta iya sa da na ta riga ta kusa karanta sana'a ma balle suna. Gaɓoɓi masu rufi irin kan, tak, har, sai daga baya.

Ranar da ta haɗa kalmar farko da kanta za ki gani a fuskarta, tana jan sautin a hankali sai ta tsaya cak ta ɗago ta kalle ki ta sake faɗin kalmar da sauri, don yanzu ta ji abin da ta faɗa. Ki bar ta ta more wannan, kar ki yi saurin cewa to sai na gaba.

Da Hausa zan fara ko da Turanci, tunda makaranta Turanci suke yi?

Yaro ya fi saurin kama karatu a harshen da yake ji yake magana da shi, don idan ya haɗa kalmar zai san ya dace ko bai dace ba. Ƙari a kan haka rubutun Hausa yana bin furuci sosai, Turanci kuwa haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka wajen 44, harafi ɗaya ya yi sauti uku ko huɗu. Wani bincike da aka buga a 2003 wanda ya kwatanta yara a harsunan Turai 13 ya nuna masu koyo a harsunan da rubutunsu ke bin furuci, irin na Finland da Italiya da Girka, yawancinsu sun iya karanta kalmomi kafin shekarar farko ta ƙare, masu Turanci kuwa sun ɗauki fiye da ninki biyu na wannan lokacin.

Idan dole biyun za su tafi tare, a raba musu lokaci a riƙa faɗa masa yanzu Hausa muke, yanzu Turanci. Inda za a fi samun karo shi ne wasula, sunan E a Turanci yana fita kamar i ta Hausa, sunan A kamar e, sai c wadda a Hausa kullum ita ce ta cikin ciki da cokali amma a Turanci wani lokaci k wani lokaci s. Baƙaƙe da yawa irin m, n, b, d, s, l ɗaya suke, abin da ya koya a nan zai ɗauka ya kai can, ba a sake koyon haɗa baƙi sau biyu.

Yaushe zan kawo masu ƙugiya da masu goyo?

Wato ɓ, ɗ, ƙ da 'y, da kuma sh, ts, kw, ky, gw, gy da 'yan uwansu. Bayan b, d, k sun zauna daram. Yaro Bahaushe kunnensa ya riga ya san bambancin, bai taɓa cewa kafa yana nufin ƙafa ba, abin da ya rage a nuna masa ƙugiyar a ce ita ce alamar. A jera masa bari da ɓari, da da ɗa, ya faɗa ya nuna. Kuma a rubuta ƙugiyar tun farko, kar a ce ai zai gane, mu manya ne muke ganewa don mun san kalmar. Masu goyo kuma a gaya masa haruffa biyu ne amma sauti ɗaya suke yi, a ja musu layi a ƙasa na ɗan lokaci. P, q, v, x babu su a kalmomin Hausa na asali, sai a bar su ga darasin Turanci.

Yaushe zai fara rubutu, kuma ya zan gyara riƙon fensir?

Hannu yana da nasa lokacin. Yaro yakan iya kwaikwayon layi a tsaye wajen shekara 2, da'ira wajen 3, layi biyu a gicciye wajen 4, layi a karkace da alwatika sai wajen 5, to wanda bai iya jan layi a karkace ba in ka matsa masa kan k ko z wahala kawai za ku sha ku biyun. Riƙon ma haka, da dunƙulen hannu ake farawa, riƙo da yatsu uku yakan daidaita tsakanin 4 zuwa 6. Guntun fensir ko guntun alli yana taimakawa don ba shi da wurin da za a dunƙule shi, dole yatsu su yi aiki.

Kafin fensir a bar shi ya yi jagwalgwalonsa, ya yaga takarda, ya murza laka, ya ɓalla maɓalli, ya zana harafi babba a iska da dukan hannu ko da yatsa a cikin yashi. Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, haruffa ta yanka daga takarda mai kaushi yara suna shafawa da yatsa suna faɗin sautin, kuma har yau ana amfani da dabarar. Abu ɗaya da za a tsaya a kai shi ne inda harafi yake farawa, daga sama zuwa ƙasa, kullum hanya ɗaya, kyan rubutu zai zo daga baya.

Littafin bin ɗigo-ɗigo ya isa?

Yana da amfani a farko don ya san hanyar da hannu zai bi, amma kar ya zama shi kenan. Karin James ta Jami'ar Indiana ta yi bincike da aka buga a 2012 kan yara 'yan shekara 5 da ba su fara karatu ba, suka rubuta wasu haruffa da hannunsu, suka bi zanen wasu, suka danna wasu a kwamfuta, da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna kallon haruffan sai aka ga sassan da ke aikin karatu sun fi motsawa a kan waɗanda aka rubuta da hannu. Ya bi ɗigo sau biyu uku, ya kalla ya kwafa, sannan a rufe ya rubuta daga ka yana faɗin sautin. Ko ya fito a karkace ya fi shafi guda cike da bin ɗigo.

Yana juya b da d, wani lokaci ma har sunansa yake rubutawa ta baya, ciwo ne?

Kafin shekara 7 abu ne da aka saba gani sosai. Ƙwaƙwalwa an gina ta ne ta gane abu ko ta ina ya fuskanta, kofi ko hannunsa na dama ko na hagu kofi ne, sai ga shi rana ɗaya an ce masa wannan sanda da ƙwallo in ta kalli nan b ce in ta kalli can d ce. Dole ya ɗauki lokaci kafin ya saba. A raba su, a koyar da ɗaya har ta zauna kafin ɗayar, kuma a bambanta yadda ake rubuta su, b daga sanda ake farawa, d daga da'ira. Idan ya wuce 7 abin bai ragu ba kuma ga wasu alamomi, duba amsa ta ƙarshe.

Bahago ne, in mayar da shi dama?

A bar shi ya yi rubutu da hannun da ya fi masa ƙarfi, kusan mutum ɗaya cikin 10 haka yake. A karkata masa takarda zuwa dama, ya riƙe fensir ɗan sama kaɗan don ya ga abin da yake rubutawa, idan suna zaune biyu a sa shi ta hagu kar gwiwar hannu ta riƙa karo.

Bidiyo da manhajar waya fa, ba za su koya masa ba?

Za su iya taimakawa wajen jin sauti, amma waya ba ta ganin bakinsa ba ta ganin yadda ya riƙe fensir. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kar a ajiye yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, 'yan 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Idan za a kalla ku kalla tare, ku tsayar ku tambaye shi, sannan ku saurara da kyau ko sauti bidiyon yake koyarwa ko sunaye kawai yake rerawa.

Yana koyon rubutun Larabci a lokaci guda, ba zai rikice ba?

Yara da yawa a duniya suna tashi da rubutu iri biyu lafiya lau. Abin da yakan faru shi ne na ɗan lokaci ya fara wannan daga gefen da ake fara wancan, sai a sa masa ɗigo mai kala a inda layi yake farawa a kowane littafi, a kuma raba lokutan kamar yadda na faɗa a amsar Hausa da Turanci.

Yaushe ya kamata in damu, kuma wa zan nema?

Idan yaro ya kai 6 zuwa 7, ana koya masa a tsare ba da wasa ba, amma harafin da ya sani jiya yau ya ɓace, ba ya iya jin cewa rana da riga da sauti ɗaya suka fara, ya yi jinkirin magana tun yana ƙarami, ko akwai wani a dangi da karatu ya wahalar, to kar a zauna jira. A fara da duba kunne da ido a asibiti, don yaron da ciwon kunne ya yi ta damunsa yana iya rasa wasu sautuka ba wanda ya lura, haka wanda yake matso da takarda kusa da hanci. Idan waɗannan lafiya, a yi magana da malaminsa a nemi wanda ya ƙware kan matsalar koyon karatu, akwai abin da ake kira disleksiya, ba ta da alaƙa da rashin basira, kuma maganinta shi ne wannan koyar da sautin dai amma a hankali, da yawan maimaici, kuma gara a fara da wuri.

Duka da tsawa da cewa dubi ƙaninka ya fi ka, dan Allah a bari, yaron da yake jin tsoro hankalinsa na kan fuskarki ba kan takarda ba, zai fara canka don ya tsira, cankar nan kuma ita ce abin da muke gudu tun farko. Kafin ku je wurin malami ko likita ku rubuta haruffan da ya sani da waɗanda suke ɓace masa, ku ɗauki littafin rubutunsa na 'yan watannin baya ku tafi da shi, zai taimaka musu su ga inda abin yake tsayawa.